Salomi Dzarma da Mata Talatin da Bakwai

Duk wanda ya zauna a unguwar Moduganari ta Maiduguri a shekarun 1980 ya san Salomi Dzarma, ko da magana ba ta taɓa haɗa su ba. Doguwa ce, baƙa, mai manyan hannuwa, kullum da wata jakar fata ruwan ƙasa a hammata. Tana tafiya a ɗan duƙe kamar wadda ta yar da abu a hanya. Aikinta buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati, kuma an ce duk ofishin babu mai saurinta, tana bugawa idonta na kan taga. Ba ta da doguwar gaisuwa. Ka ce mata ina kwana, ta ce lafiya, ta wuce.

A wani ƙauye kudu da Biu aka haife ta. Mahaifinta Dzarma mai bishara ne, mutum mai tsanani wanda ya koya wa 'ya'yansa karatu da Littafi Mai Tsarki da kuma bulala. Ta zo Maiduguri a 1974 bayan ta koyi bugun rubutu, ta kama ɗaki a gidan Ya Fanna, wata Babarbariya da mijinta ya rasu, mai haɗa turaren wuta na sayarwa. A wannan ɗakin ta zauna shekara ashirin da biyar.

Da ciwonta ta zo birni. Tun tana da shekara goma sha huɗu, duk wata idan al'adarta ta kusa sai mararta ta ɗaure, ciwon ya zagaya baya, ya sauka cinya. Takan yi amai har ya zama babu abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Shiga bayi ma wani tashin hankali ne. Mahaifiyarta ta ce kowace mace haka take, da ta yi haihuwar fari zai wuce. Salomi ta yarda. Ta koyi haɗiye ƙwayoyin rage zafi biyu biyu, ta koyi zama a kujerar ofis tana matse cikinta da gefen tebur. A gida Ya Fanna kan tafasa ruwa ta gasa mata mara da tsumma, tana faɗa da Hausarta mai kama harshe cewa wannan ba ciwon mata ba ne, wani abu ne daban.

A watan Afrilun 1978, lokacin da zafi ke sa ganyen darbejiya ya yi laushi, saura wata biyu a ɗaura mata aure da Manasse, wani malamin firamare mai sanyin hali. Ranar wata Asabar da la'asar ana koyon waƙa a coci, Salomi tana tsaye a layin gaba na mawaƙa, sai ta yanke jiki ta faɗi. Da aka ɗaga ta, jini ya ɓata zaninta. Mata suka kama ta zuwa kyamis ɗin Florence, wanda ke 'yan taku kaɗan daga cocin.

Florence ita ce shugabar Zumuntar Mata ta cocin. Ta taɓa aikin taimako a ɗakin haihuwa na wani asibitin mishan, saboda haka kowa Sista yake kiranta, ko da yake ba ta da takardar aikin jinya. Mace ce mai fara'a da kyauta, tana yi wa yara allura tana ba su alewa. Aibinta ɗaya ne: ba a taɓa yi mata tambaya ta ce ba ta da amsa. Ta danna cikin Salomi nan da can, ta yi mata allura, ta ce ta je gida ta huta. Ba ta gaya mata abin da ke damunta ba.

Ranar Alhamis a taron Zumunta mata suka tambaye ta abin da ya sami amarya. Florence ta rage murya, ta ce ita dai ta sha ganin irin wannan, kuma ba ya zuwa haka kawai. Idan yarinya ta sha wani abu don ta zubar da ciki, abin da ya rage shi ke murɗa ta haka. Ta ce a sa yarinyar a addu'a. Kafin Lahadi maganar ta gama unguwa.

Dattawan ikilisiya suka kira Salomi. Suka ce ta furta laifinta, a sa ta horo wata shida, a yafe, a yi aure. Ta ce ba ta da abin furtawa. Suka sake kira, ta sake faɗar haka. Sai aka cire ta daga mawaƙa, aka hana ta jibin Ubangiji, aka ce ta koma bencin baya har ranar da zuciyarta za ta yi laushi.

Manasse ya zo sau ɗaya. Ya tsaya a ƙofar zaure yana juya hularsa a hannu, ya ce ta gaya masa gaskiya kawai, zai iya ɗauka. Ta gaya masa gaskiyar. Sai ya ce, "To, na wane ne?" Shi ya san bai taɓa ta ba, don haka a wurinsa maganar ta fi muni. Bayan shekara ya auri wata. Daga ƙauye kuma wasiƙa ta zo, layi huɗu da rubutun mahaifinta, cewa kada ta taka gidansa sai ta tuba. Ya rasu a 1983. Saƙon ya iso ta bayan an binne shi da kwana biyar.

Mutane sun zaci za ta bar cocin, ko ta bar garin. Ba ta bari ba. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa kowace Lahadi, ta zauna a bencin baya ita kaɗai. Wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce ashe tana da tsoron Allah. Ita ta san abin da ke kai ta. Daga bencin baya ana ganin ƙeyar Florence sosai. Salomi ta san kowane ɗankwalin matar, ta san ranar da ta sayi sabo, ta ga lokacin da furfura ta fara leƙowa a ƙasansa. Ba ta san abin da za ta yi ba tukuna. Ta dai san ba za ta manta ba, kuma tana zuwa ne don kada ta manta.

A 1989 ciwon ya daina jiran wata. Ya zama na kullum, cikinta ya kumbura ta gefen hagu. Wata safiya ta kasa miƙewa, Ya Fanna ta yafa laffayarta ta tari tasi, ta kai ta babban asibiti. Wanda ya duba ta Likita Kashim ne, likitan mata, matashi, bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu ba. Ya tambaye ta yaushe abin ya fara. Ta ce shekara goma sha tara ke nan. Ya ajiye biro ya dube ta, ya ce ta fara daga farko. Shi ne mutum na farko da ya saurari labarin har ƙarshe.

Aikin ya ɗauki awa huɗu. Ya tarar da ƙulli a ƙwan haihuwarta duka biyu, cike da tsohon jini mai kauri, baƙi kamar maɗi. Hanji ya manne da mahaifa, komai ya sarƙe. Dole ya cire mahaifar da ƙwan duka. Tana da shekara talatin da uku.

Kwana uku bayan aikin ya zauna a gefen gadonta ya yi mata bayani, yana zane a bayan katin asibiti. Ya ce sunan ciwon endometiriyosis. Akwai wata shimfiɗa a cikin mahaifa da ke kauri duk wata, ta zube ta fita da jinin al'ada. A jikin wasu mata irin wannan tsokar takan tsiro a inda ba wurinta ba, a kan ƙwai, a kan hanji, a bangon ciki. Duk wata ita ma takan kumbura ta yi jini, amma jinin ba shi da hanyar fita.

Salomi ta tambaye shi me ya sa jiki ba ya share ta, tun da ba wurinta ba ne.

"Tambayar da masana ke yi ke nan yanzu," in ji shi. "A cikin ruwan da ke kewaye da hanji akwai ƙwayoyin tsaro, aikinsu su cinye duk abin da ya ɓace hanya. A mata irinki ana samunsu da yawa, a fusace. Suna fitar da wasu sinadarai na aika saƙo, muna ce musu saitokayin, suna kiran 'yan'uwansu, wurin ya yi zafi ya kumbura, jijiyoyi su ji. Ciwon ke nan. Sannan suna fitar da wasu sinadaran masu sa tsiro, waɗanda ake zaton su ke taimaka wa tsokar ta kafu ta girma. Ba mu gama sani ba. Amma ba wani abu kika yi ba."

Ta ce ya maimaita na ƙarshen. Ya maimaita. Ta juya fuska bango, ba ta yi kuka ba. Can ta ce ya rubuta mata a takarda, ya rubuta cewa ba ta zubar da ciki ba a 1978. Likita Kashim ya ce wannan ba zai iya rubutawa ba, don ba ya nan a lokacin. Abin da zai iya rubutawa shi ne abin da idonsa ya gani: cewa ciwon ya daɗe a jikinta shekaru masu yawa, cewa yana kawo suma da zubar jini irin wanda ta kwatanta, kuma ba zubar da ciki ke kawo shi ba. Ta ce wannan ya isa.

Da ta warware, sai ta riƙa zuwa ofishinsa bayan tashi daga aiki tana buga masa darussan da yake koya wa ɗalibai, don ta ga sakatarensa da yatsa biyu yake bugu. A nan ta karanta abin da ya ciro daga mujallun likitoci a kan waɗannan sinadarai. Inda ba ta gane ba ta tambaya, ba ta jin kunya. Cikin wata uku ta iya bayanin ciwonta fiye da wasu ɗaliban. Ta juya wasiƙarsa zuwa Hausa, ta ƙara bayanin ƙwayoyin tsaro da sinadaransu a ƙasa, ya gyara wuri biyu ya sa hannu. Da ta ce tana son ya sa hannu a kan kwafi talatin da bakwai, ya tambaye ta dalili. Ta gaya masa. Ya ce shi ba zai shiga wannan ba, kuma a ganinsa ba zai ba ta lafiya ba.

"Likita, ka cire wanda wuƙa ke cirewa," in ji ta. "Wannan kuma ni zan cire shi."

Ta tafi wani shago kusa da gidan waya ta yi hoton takardar sau talatin da bakwai.

Sunayen ta same su ne wurin Phoebe, wadda ta yi wa Zumunta magatakarda a wancan lokacin kuma ba ta zubar da tsoffin littattafai. Salomi ta je gidanta ta ce a buɗe mata shafin Alhamis ta uku ta Afrilun 1978. Mata talatin da bakwai ne suka zauna suka ji, ban da mai maganar. Ta kwafe su tsaf. Sannan ta zaro takarda ɗaya, ta rubuta sunan Phoebe a samanta, ta karanta mata daga farko zuwa ƙarshe a tsaye. An ba ta kujera ta ƙi, an kawo ruwa ba ta kalle shi ba. Da ta gama ta ce, "Kina wurin ranar da ta faɗa. Me kika ce?" Phoebe ta ce ba ta ce komai ba. Salomi ta ce ta sani. Ta ajiye takardar a kan tabarma ta fita.

Haka ta yi wa kowace. Ba ta ɗaga murya, ba ta zagi. Ta sami ɗaya a layin 'yan atamfa na Kasuwar Litinin, ta karanta mata a gaban masu ciniki, har da maganar hanjin da ya manne, matar tana ta gyara yadin da ba ya bukatar gyara. Ta sami wata a bakin Kasuwar Shanu inda take sayar da abinci, mahauta suka bar cin tuwo suna saurare, wani dattijo a cikinsu ya ce a sake karanta wurin ƙwayoyin nan. Wata ta kulle ƙofa da ta hango ta, Salomi ta tsaya a bakin taga ta karanta. Wata kuma tun kafin a kai rabi ta rushe da kuka, ta ce 'yarta ma haka take yi duk wata, tana ɓoye ta don tsoron bakin mutane. Salomi ta juya takardar ta rubuta mata ranar da Likita Kashim ke ganin marasa lafiya. Sannan ta yi mata tambayar da take yi wa kowa, ba ta rage mata ko kalma ba.

Da aka ƙirƙiro jihar Yobe a 1991 wasu suka bi mazajensu Damaturu, ta hau mota ta bi su. Ta je Bama, ta je Potiskum. Huɗu sun rasu, ta ba manyan 'ya'yansu mata takardunsu. A hutun Kirsimeti ta je ƙauyensu karo na farko cikin shekara goma sha uku, ta tsaya a kan kabarin mahaifinta da rana tsaka ta karanta masa ta asalin, mai sa hannun likita da tawada. Ƙannenta suna tsaye daga nesa. Ba ta kwana ba, ta bi motar yamma ta dawo.

Tun a shekarar farko dattawa suka taru suka ɗage mata horon, suka sanar a gaban jama'a. Ta ce ta ji. Manasse ya aiko a ce mata yana son ganin takardar. Ta ce a gaya masa ba ya cikin lissafi.

Duk wannan Florence tana ji. Kowace mace da aka karanta wa takan zo kyamis ta ba da labari, ko kuma ta daina zuwa gaba ɗaya. Iyaye suka daina kai mata 'yan mata. Aka daina ce mata Sista, aka koma Maman Jonathan. A zaɓen Zumunta ba ta sami ko hannu goma ba. Abin da ya fi cin ta kuwa jira ne. Kullum ƙarfe huɗu saura, Salomi kan sauka daga bas, ta biyo ta gaban kyamis ko da yake ba hanyarta ba ce. Takan rage tafiya daidai ƙofar, ta ɗora hannu a kan jakarta, ta tsaya kamar mai tunani. Florence takan miƙe a bayan kantar shagon tana riƙe da gefen katako. Sai Salomi ta wuce. Shekara uku tana yin haka. Florence ta rame, zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa. Ta aika a ce wa Salomi don Allah ta kawo mata tata takardar a gama. Amsa ba ta zo ba.

A ƙarshen 1993 Florence ta zo gidan Ya Fanna da kanta, tare da Fasto Pindar, sabon faston cocin. Salomi tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Faston ya yi doguwar magana a kan gafara, ta bar shi ya gama. Florence ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ce, "'Yata, ki yafe mini. Ban sani ba."

Salomi ta ajiye faifan. "Ban sani ba," ta ce a hankali. "Ashe kin iya faɗarsa. Kalma uku ce, Mama. Da kin faɗe ta ranar Alhamis ɗin nan, da wataƙila an kai ni asibiti ina da shekara ashirin da biyu. Da ubana ya mutu yana kiran sunana."

Florence ta ce to a ba ta takardarta, ta karanta da kanta a gaban ikilisiya.

"Takardar ta waɗanda suka ji ce. Ke ba ji kika yi ba. Babu taki."

Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Suka daɗe a tsakar gidan kafin Ya Fanna ta kama Florence ta miƙar da ita. Bayan sun tafi tsohuwar ta tsaya a ƙofar ɗakin ta yi mata faɗa da Barbarci da Hausa a haɗe, ta ce mace mai furfura ta durƙusa mata, me kuma take nema. Salomi ta ce ba ta neman komai. Ta ci abincinta ranar har ta ƙara.

Ambaliyar 1994 ta shiga kyamis ɗin ta lalata kayan ciki, Florence ba ta sake buɗe shi ba. Ɗanta ya ɗauke ta zuwa Mubi, can ta rasu bayan shekara biyu. Labarin ya sami Salomi a ofis tana tsakiyar shafi. Ta gama shafin, ta zare shi ta duba, babu kuskure ko ɗaya. Ba ta je jana'iza ba, ba ta aika gaisuwa ba. Fasto Pindar ya tare ta bayan sujada ya tambaye ta ko yanzu ta yafe. Ta ce tana kan tunani.

Unguwa ta rabu a kanta. Wasu suka ce ta wuce gona da iri, tsohuwar ba da mugunta ta yi ba. Wasu suka ce su dai ba za su so su shiga littafinta ba. Amma duk macen da 'yarta ke birgima a ƙasa duk wata ta san ƙofar da za ta buga, Kirista ko Musulma. Salomi ba ta rarrashi. Takan tambayi yarinyar inda ke mata ciwo da lokacin da ya fara, ta yi wa uwar tsawa idan ta sa baki da maganar haƙuri, ta ɗauki hutun rabin rana ta raka su asibiti ta zauna a benci har a kira su.

A 1998 aka kawo kwamfuta ofishinsu, aka ce ta je kwas. Ta je kwana biyu ta ce ita ta gaji, ta ajiye aiki. Ya Fanna ta rasu a daminar da ta biyo baya, magada suka sa gidan a kasuwa. Salomi ta ɗaure kayanta a akwati biyu, ta sayi fili a bayan garin Biu, nesa da danginta, ta gina ɗaki da shago. Waɗanda suka gan ta daga baya sun ce ta yi ƙiba, tana kiwon awaki guda tara, kuma ta shuka rogo a bayan gida wanda take korar yaran maƙwabta daga cikinsa da sanda.